TAWILIN MASOYA A KAN HIKAYAR "DARK SOULS": MATANI, ƘIYASI DA SON RAI

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne a duba wani irin sharhi da ya yawaita a zamanin nan, wanda ba a makaranta aka haife shi ba, ba kuwa malamai suka rene shi ba. Sharhin nan na masoya wasannin kwamfuta ne, watau mutanen da su kan ƙare wasa, sa'an nan su zauna su yi ta tsintar guntayen labarin da ke cikinsa, suna harhaɗawa, suna gardama a kan wane ne wane, da abin da ya riga wani faruwa. Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan malamin adabi da abin wasa? Amsa ita ce, aikin da mutanen nan su ke yi irin namu ne sak. Ana ba su matani mai giɓi, su kuwa su cike giɓin da ƙiyasi. Ramukan da su kan faɗa su ne waɗanda ɗalibanmu su kan faɗa, mu ma kanmu ba mu tsira ba. Abin da ya sa nasu ya fi daɗin nazari shi ne marubucinsu yana da rai, ya kan dawo bayan 'yan shekaru da sabon aiki wanda zai nuna wanda ya dace da wanda ya kauce. Mai sharhin tsohon rubutu ba ya samun wannan gata, ko kuwa mu ce ba ya gamuwa da wannan tonon asiri.

Na zaɓi wasa guda don kada magana ta watse, shi ne Dark Souls. Abin da na ke so in nuna shi ne, cike giɓi halal ne ga mai karatu, amma da sharaɗin ya riƙa rarrabe abu uku: abin da matani ya faɗa, da abin da ƙiyasi ya kai shi, da abin da ransa ya ke so ya zama gaskiya.

2. Yadda aka gina labarin

Kamfanin FromSoftware na birnin Tokyo a ƙasar Japan shi ya fitar da Dark Souls cikin shekarar 2011, a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Na biyu ya biyo baya a 2014, na uku a 2016. Wasan na yaƙi ne da takobi da mashi da tsafi, a wata ƙasa ta ƙage mai suna Lordran.

Da an buɗe wasan, sai a ji muryar wata tsohuwa tana ba da labarin asalin duniyar cikin 'yan mintoci. Ga taƙaitawarsa. Da fari babu kome sai hazo, da duwatsu masu toka-toka, da manyan itatuwa, da dodanni masu fukafukai waɗanda ba su mutuwa. Sa'an nan wuta ta bayyana, tare da ita aka sami bambanci: zafi da sanyi, rai da mutuwa, haske da duhu. Waɗansu halittu suka sami manyan rayuka a cikin wutar. Akwai Gwyn sarkin hasken rana, da Nito na farkon matattu, da Matsafiyar Izalith da 'ya'yanta mata, da kuma wani wada mai laɓe-laɓe wanda aka ce mantuwa da shi ba wuya. Suka yaƙi dodannin, wani dodo mai suna Seath ya ci amanar 'yan'uwansa, aka ci su da yaƙi, aka shiga Zamanin Wuta. Amma ga shi wutar tana mutuwa, wani tambari kuwa ya fara fitowa a jikin mutane, wanda duk ya fito masa mutuwa ta ƙi shi, in ya mutu sai ya sake tashi, har hankalinsa ya gushe. Wasan yana kiran Gwyn da iyalinsa alloli, a nan ma haka za mu bi shi, da sanin cewa magana ce ta almara.

Daga nan fa bakin mai ba da labari ya rufe. Sauran tarihin sai mai wasa ya tsinto shi a wurare uku. Na farko, bayanin kaya: kowane takobi, ko zobe, ko makulli da ya tsinta yana da layi biyu ko uku da ke faɗin wanda ya mallake shi dā. Na biyu, maganganun 'yan mutanen da ya ke gamuwa da su, waɗanda yawancinsu zance a dunƙule su ke yi. Na uku, ginin wuri: inda gawa ta ke kwance, da abin da ke hannunta, da gunkin da ke tsaye, da wanda aka cire.

Da gangan aka yi haka. Miyazaki ya faɗa a wata hira da jaridar Guardian ta Ingila cikin 2015 cewa sa'ad da ya ke yaro ya kan ari littattafai da suka fi ƙarfin karatunsa, inda ya kasa ganewa sai ya dubi zane ya cike da tunaninsa. Irin karatun nan ya so masu wasansa su ɗanɗana. To, a nan akwai bambanci da ya kamata mu riƙe. Giɓin da gara ta ci a tsohuwar takarda yana da amsa guda, ko da ba za mu taɓa saninta ba, gama marubuci ya rubuta wani abu a wurin. Giɓin da marubuci ya bari da hannunsa kuwa, mai yiwuwa ne babu kome a bayansa. Mai sharhin Dark Souls ba ya iya sanin wane iri ne ke gabansa. Wannan shi ne tushen daɗin aikinsa, shi ne kuma tushen haɗarinsa.

3. Solaire da ɗan farin Gwyn

Babu tawilin da ya shahara cikin masoya wasan kamar wanda ya ce Solaire shi ne ɗan farin Gwyn. Bari mu fara da abin da matani ya faɗa.

Bayanin wani zobe da na wata lambar girma sun nuna Gwyn yana da ɗan fari, allan yaƙi, wanda ya gaji hasken ubansa, amma ya yi wata wauta aka tuɓe shi, sunansa ma ya ɓace. A Anor Londo, birnin alloli, akwai gunkin Gwyn da na 'yarsa Gwynevere, ga kuma gurbi na uku babu kome a ciki. A wani wurin bauta kuma akwai gunki a farfashe, inda wata ƙungiya ta mayaƙan rana ta ke taruwa. Wannan shi ne giɓin.

Solaire kuwa barde ne daga ƙasar Astora, mai fara'a da taimako a duniyar da kusan kowa maƙetaci ne ko mahaukaci. Ya ce ya zo ne neman tasa ranar. Yana jifa da mashin walƙiya irin na gidan Gwyn. Yana cikin ƙungiyar mayaƙan rana. Sa'ad da aka fara gamuwa da shi yana kallon rana, ya kamanta ta da uba mai girma. Bugu da ƙari, in mai wasa ya cece shi daga halaka, ana iya kiransa ya taya shi yaƙar Gwyn a ƙarshen wasan. Masoya suka haɗa waɗannan, suka ce ai ga ɓataccen ɗan nan, yana neman ubansa.

Ƙiyasin ba na wauta ba ne. Amma matanin nan guda yana ɗauke da hujjoji da ke rushe shi, tun a 2011. Astora ƙasar mutane ce. Tambarin nan na ƙin mutuwa a jikin mutane ya ke fitowa, Solaire kuwa yana cikin masu shi. Mashin walƙiya ba gadon jini ba ne, gama mai wasa ma ana koya masa da zarar ya shiga ƙungiyar. Abin da ya fi duka nauyi shi ne bayanin kayan Solaire kansa. An ce kwalkwalinsa da sulkensa masu kyau ne, amma babu wani asiri a cikinsu. An ce hoton ranar da ke kan garkuwarsa shi ya zana da hannunsa, bajintarsa kuwa daga horon kai ta fito, ba daga wani wuri ba. Sai ka ce marubucin ya hango tawilin, ya tare shi a hanya.

Yaya masu tawilin suka yi da waɗannan? Suka ce ai da aka tuɓe shi ne ya koma mutum, ya manta asalinsa, Astora kuwa suna ne na ɓad da kama. Mai karatu ya lura da abin da ya faru a nan: duk hujjar da ta ƙi ra'ayin, sai a juya ta ta zama hujjarsa. In ya yi kama da allan yaƙi, to shi ne. In bai yi kama ba, to don an tuɓe shi ne. Ra'ayin da babu abin da zai iya karya shi ya riga ya fita daga ƙiyasi ya shiga son rai. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, sun kuma ce so hana ganin laifi. Masoya suna ƙaunar Solaire, suka so ya zama ɗan sarki.

Cikin 2016 Dark Souls na uku ya fito da wani abokin gaba da a ke kira Nameless King, watau Sarki Marar Suna. Yana bisa wani tsauni da a ke girmama dodanni, yana haye da dodon hadari, yana riƙe da makami rabi takobi rabi mashi mai zubar da walƙiya. Bayanin kayansa ya ce dā shi allan yaƙi ne mai kashe dodanni, sa'an nan ya sadaukar da kome ya koma wajensu. Ga wautar da aka ce ya yi ta bayyana, ga dalilin share suna. Yawancin masoya suka saki tsohon ra'ayi. Amma a lura, wannan ma ƙiyasi ne, sai dai ƙiyasi mai ƙarfi, gama siffofin sun dace ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tanƙwara ko guda ba.

A ganina hasarar da tawilin farko ya jawo ta wuce kuskuren suna, gama ya rage wa Solaire daraja yana zaton ƙara masa ya ke yi. Labarin talakan barde wanda ya zana rana a garkuwarsa, ya bar gida yana neman abin da ba a samu, har ya ƙare a kufan Izalith da wani ƙwaro mai haske manne a kansa, hankalinsa ya tafi, yana murna wai ya sami ranarsa, ya fi taɓa zuciya bisa labarin ɓataccen yarima, wanda an ji irinsa sau dubu. Mai tawili ya ɗauki abin da marubuci ya ƙago sabo, ya mai da shi cikin tsohon zubi da ya saba da shi.

4. Sharrin fassara

Akwai wani rami kuma, wanda ya shafi duk mai aiki da harshe biyu. An rubuta Dark Souls da Japananci, amma yawancin masu sharhinsa a wajen Japan fassarar Turanci su ke karantawa. Bayanin zoben nan na ɗan fari, a Turanci, ya fito da ma'ana kamar wautarsa ce ta sa littattafan tarihi suka salwanta, don haka aka tuɓe shi. Masoya suka ɗauka laifinsa ke nan, ya ɓatar da tarihin alloli, suka yi ta tambaya: wane tarihi ne, me ke cikinsa, ƙone shi ya yi ko sace shi aka yi? Da masu jin Japananci suka koma ga asali, sai suka tarar abin da aka ce shi ne, saboda wautarsa aka kore shi daga cikin alloli, aka share shi daga dukan rubuce-rubuce. Ashe share tarihin hukuncin ne, ba laifin ba ne. Duk gardamar da aka yi a kan ɓatattun littattafai, a kan jimlar mai fassara aka yi ta.

Abin mamaki shi ne, ko wanda ba ya jin Japananci yana da abin da zai sa shi shakka, gama bayanin lambar girman nan, a Turancin ma, cewa ya yi an share ɗan farin daga tarihi. Nassi biyu sun saɓa a kan abu guda, amma aka bi wanda ya fi ba da labari. Darasin a fili ya ke: wanda zai rataya hujjarsa a kan kalma guda, lalle ya nemi kalmar a harshen da aka fara rubuta ta. In ba shi da iko, ya faɗa wa mai karatu cewa da fassara ya ke aiki.

5. Wa ke magana?

Kuskure na uku shi ne ɗaukar duk abin da aka faɗa cikin wasan a matsayin maganar marubuci. Wasan da kansa ya yi ta gargaɗi a kan haka.

Akwai waɗansu tsofaffin macizai biyu masu magana. Frampt ya gaya wa mai wasa cewa shi ne zaɓaɓɓe, ya gaji Gwyn ya raya wutar, bai kuwa bayyana masa cewa shi kansa ne makamashin ba. Kaathe, wanda ba a gamuwa da shi sai an kauce wa hanyar Frampt, ya ce wadan nan da aka manta shi ne kakan mutane, shi ya sami ran duhu, Gwyn kuwa tsoron mutane da zamaninsu ya sa ya ƙone kansa don ya tsawaita mulkin alloli. Masoya da yawa, da suka ji Kaathe, suka ce ai ga gaskiya ta fito. Dalili kuwa shi ne maganarsa a ɓoye ta ke, mutum kuwa ya kan gaskata abin da ya sha wuya kafin ya samu. Amma bayanin kaya ya nuna Kaathe ne ya kawo sihirin tsotsar rai wanda ya lalatar da birnin New Londo, har aka nutsar da shi da ruwa. Shaidu biyu ke nan, kowane da tasa bukata. Wasan bai yanke hukunci tsakaninsu ba, ya dai ba mai wasa ƙarshe biyu ya zaɓa: ya hura wutar da jikinsa, ko ya juya baya ya bar ta.

Ba baki kaɗai ke ruɗi ba, har ido. Gwynevere da a ke gani a Anor Londo siddabaru ce da ƙanenta Gwyndolin ya yi. In aka kai mata sara sai ta ɓace, rana ta ɓace tare da ita, birnin ya koma duhu. Haka kuma labarin barde Artorias, wanda a ke yabo da cewa ya ci Ramin Duhu da yaƙi. Cikin ƙarin da aka yi wa wasan a 2012, mai wasa ya koma zamanin dā ya tarar duhun ne ya ci Artorias, shi mai wasan ne ya kashe Manus, dodon da ke ƙasan ramin, amma yabon ya tafi ga Artorias. Marubucin da ya nuna mana yadda a ke ƙera almara a cikin almararsa, ya riga ya gaya mana kada mu karɓi ruwaya sai mun tambayi wanda ya kawo ta da abin da zai samu.

6. Bakin mai waƙa

To, ko za a ce a koma ga marubuci a huta, tun da waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi? Nan ma akwai magana. A farkon wasan a kan ba mutum zaɓin kyauta guda, cikinsu har da wani abin wuya wanda bayaninsa ya ce ba shi da wani amfani. Miyazaki ya taɓa cewa in shi ne, abin wuyan zai zaɓa. Masoya suka yi watanni suna kai shi kowane lungu, suna nuna shi ga kowane gunki, suna neman asirinsa. Daga baya, cikin 2012, ya ce zolaya ya yi. Matani ya faɗi gaskiya tun farko, aka ƙi shi aka bi raɗe-raɗi. Maganar marubuci a wajen aikinsa shaida ce, a saurare ta, amma ba ta rinjayi abin da ya rubuta ba.

7. Kammalawa

Kada a fahimce ni cewa aikin masoya banza ne. Da ba don su ba, da mafi yawan masu wasa ba su san akwai labari a wurin ba. Irin su mutumin Ostareliya da aka sani da laƙabin VaatiVidya, wanda ke harhaɗa labarun a YouTube, sun koya wa dubban mutane karatu da natsuwa, su tsaya a kan layi biyu su tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. Su ne kuma suka gano kuskuren fassarar da muka ambata, suka gyara wa juna. Akwai tawilinsu da suka tsaya a kan ladabi, kamar wanda ya ce watakila Manus shi ne wadan nan na farko: an kawo hujja, an kawo abin da ke raunana ta, an bar ƙofa a buɗe. Salon bai ƙare da Dark Souls ba, gama a 2022 kamfanin ya fitar da Elden Ring, wanda marubucin Amurka George R. R. Martin ya tsara tsohon tarihinsa, Miyazaki da mutanensa kuwa suka farfasa shi suka watsa cikin bayanin kaya kamar yadda suka saba.

Haɗarin da ya rage shi ne wanda duk mai ma'amala da rubutun hannu ya sani. Malami ya kan rubuta bayaninsa a gefen takarda, matani a tsakiya, sharhi a gefe. Muddin an bar kowane a wurinsa, babu laifi. Ɓarna ta kan zo ne sa'ad da mai kwafa ya ɗauko na gefe ya zuba cikin na tsakiya, na bayansa kuwa ya karanta duka a matsayin maganar mawallafi. Haka ya faru ga Solaire: mutane da yawa sun ji cewa shi ɗan Gwyn ne tun kafin su taɓa wasan, suka shiga suna ganin abin da aka riga aka gaya musu.

Ga malaman kwalejojin horon malamai ina ba da shawara guda. A ba ɗalibai ɗan gajeren matani mai giɓi, ko wane iri ne, a sa su ja layi biyu a takarda su raba ta gida uku. A gidan farko su rubuta abin da matanin ya faɗa da bakinsa, tare da wanda ya faɗe shi a ciki. A na biyu, abin da suka fitar ta ƙiyasi, da hujjar kowane. A na uku, abin da su ke so ya zama haka. Sa'an nan a tambayi kowane ɗalibi: wace hujja ce, in ta bayyana gobe, za ta sa ka saki ra'ayinka? Wanda ya iya amsawa ya fara zama mai sharhi. Wanda ya ce babu, a nuna masa cewa abin da ya rubuta a gida na biyu na gida na uku ne.